Gidan gado ya koma otal: karayar arziki ce ko son kuɗi?

"Assalamu alaikum. Watan jiya na je bikin wata abokiyar karatuna a wani tsohon gida a karkarar Ingila, makeken gida mai fili da tafki da manyan itatuwa. Aka ce min na wani dangi ne kusan shekara ɗari uku amma yanzu otal ne. Abin ya tsaya min a rai. Ya za a yi mutane su mai da gidan kakanninsu wajen kwanan baƙi? Karayar arziki ce ko son kuɗi? Kuma tarihin nan da suka rubuta a 'yar takardar da ke cikin ɗaki gaskiya ne ko talla ce kawai?"

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Gaskiya tambayar nan taki ta taɓo ni, don shekara goma sha ɗaya na yi ina aikin otal a Ingila, shida daga ciki a irin gidan nan da kika je, na fara da tsaron resefshan da dare har na kai ga riƙe sashen bukukuwa da lura da ginin kansa. In na fahimce ki abu biyu kike son ji, me ya tura dangi suka buɗe ƙofar gidan iyayensu ga duk wanda zai iya biya, sannan ko a gaskata abinda suke rubutawa a kan kansu. Baki faɗi sunan gidan ba, amma labarin gidajen nan kusan uwa ɗaya uba ɗaya ne, hanyar da ɗaya ya bi ita saura suka bi.

Abu na farko da nake so ki riƙe shine irin wannan gidan bai taɓa ciyar da kansa ba, ko a lokacin da masu shi suke kan ganiyarsu. Ci kawai yake yi. Ƙasa ce take ciyar da shi. Filin da kika gani da tafkin nan ɗan abin da ya rage ne, a da bayan su akwai gonaki na dubban eka, an yanka su an ba manoma haya, su kuma suna kawo kuɗin haya sau biyu a shekara, yawanci 25 ga Maris da 29 ga Satumba. Da wannan kuɗin ake gyaran rufi, da shi ake biyan barori da masu lambu da masu dawaki, da shi ake sayen gawayin da ake ƙonawa a murhu talatin ko arba'in. Ƙidayar masu filaye da gwamnatinsu ta yi a 1873 ta nuna mutum wajen 7,000 ne ke riƙe da kashi huɗu cikin biyar na ƙasar baki ɗaya, kinga kenan ba ƙaramin abu ake magana ba. Kuma ba a raba gado a tsakanin 'ya'ya, ɗan fari namiji shi ke kwashe gida da gandu duka, ƙannensa su tafi soja ko aikin coci ko ƙasashen da Ingila ta mallaka su nemi nasu. Har ɗaure gandun ake yi a takarda ta yanda shi kansa magajin ba zai iya sayarwa ba, nashi dai ya ci moriya ya miƙa wa na bayansa. Shi ya sa kike jin dangi ɗaya sun yi shekara ɗari uku a wuri guda.

Wani abu kuma da mutane basu cika lura da shi ba, gidajen nan tun asali don saukar baƙi aka gina su. Iyali mai mutum shida me zai yi da ɗakin kwana talatin? Baƙi ake gayyatowa daga Landan su zo ranar Asabar su koma Litinin, a fita harbin tsuntsaye, a ci abinci, a ƙulla aure, a ƙulla siyasa. Akwai shugaban barori, akwai babbar mai kula da ɗakuna, akwai kuku da yaransa, akwai matattakalar baya da 'yan aiki ke bi don kar baƙo ya gan su ɗauke da ruwan zafi. Duk tsarin da otal ke da shi yau suna da shi. Bambancin kawai a da manomi ne ke biyan kuɗin kwanan baƙon ba tare da ya taɓa shiga falon ba, yanzu baƙon ne ke biya da aljihunsa.

Yanda igiyar ta tsinke

Ba rana ɗaya abin ya faru ba, kusan shekara tamanin aka yi ana jan ƙafa. Daga shekarun 1870 alkamar Amurka ta fara cika kasuwar Ingila, jirgin ƙasa ya ɗauko ta daga tsakiyar ƙasa ya kai bakin teku, jirgin ruwa mai tururi ya haye da ita da araha, ga shi tun 1846 an soke dokar da ke kare manomin gida daga hatsin waje. A 1882 naman tumaki mai ƙanƙara ya fara isowa daga New Zealand. Farashi ya faɗi, manomi ya kasa biyan haya, mai gandu dole ya rage ko gona ta zauna ba kowa. Gida kuwa bai rage ci ba. A wannan shekarar ta 1882 aka yi dokar da ta ba magaji damar sayar da ƙasar da aka ɗaure, sai aka fara yanka ana sayarwa, kuma kowace gona aka sayar an rage bakin da ke ciyar da gidan kenan. Wasu suka nemi mafita ta hanyar aure, suka auro 'ya'yan attajiran Amurka. Wanda aka fi sani shine auren Duk (wato Duke, babbar sarautar gado a Ingila) na Marlborough na tara da Consuelo Vanderbilt a 1895, kuɗin gidansu na harkar jirgin ƙasa ne ya gyara fadar Blenheim, ita kuwa yarinyar bata so auren ba, daga baya ma auren ya mutu.

Sai haraji. A 1894 ministan kuɗi Sir William Harcourt ya kawo harajin da ake cira daga dukiyar mamaci kafin magada su taɓa, mafi yawansa a lokacin kashi 8 cikin ɗari, kuma wallahi kuka suka yi kamar duniya ta tashi. Basu san me ke tafe ba. A 1919 ya kai kashi 40, a 1949 ya kai kashi 80 a kan manyan dukiyoyi. Ki haɗa wannan da yaƙin duniya na farko, inda 'ya'yan gidajen nan su ne ƙananan hafsoshin da ke gaba, aka kashe su da yawa, wani gidan uba ya mutu a biya haraji, bayan 'yan shekaru magaji ya mutu a sake biya, wani kuma ba magajin ma kwata-kwata. 'Yan aiki su ma suka gano akwai masana'anta da shago da ofis inda za a biya su fiye da haka kuma su kwana a gidajensu. Kafin yaƙin mata sama da miliyan ɗaya ne ke aikatau a Ingila da Wales, bayan yaƙi na biyu samun mai share ɗaki talatin a kan ɗan abin da ake biya a da ya zama tarihi.

Yaƙi na biyu shi ya ƙarasa. Gwamnati ta karɓe gidajen ta zuba sojoji, wasu aka mai da su asibiti, wasu aka kwaso makarantu daga birni aka sa a ciki. Gidajen da suka samu 'yan makaranta sun fi sa'a a kan na sojoji, duk da haka Castle Howard gobara ta cinye ƙubbarsa a Nuwamban 1940 lokacin da makarantar 'yan mata ke ciki. Da aka dawo wa masu su da gidajen, shekara shida ba wanda ya leƙa indararo, ruwa ya shiga, katako ya ruɓe, ga kayan gini sai da izinin gwamnati. Ko gidan Chatsworth da ke cikin mafi ƙarfi a ƙasar, da Duk na Devonshire na goma ya rasu a 1950 harajin kashi 80 ya faɗo musu, sai da suka sallama dubban eka da zane-zane masu daraja da wani gidan nasu guda, Hardwick Hall, wanda ya koma hannun National Trust, ƙungiyar da ke adana tsofaffin gidaje da wuraren tarihi, a 1959. Toh in babba ya sha haka ina ga ƙarami mai eka dubu biyu? Da yawa rushewa suka yi, a sayar da darmar rufi da ƙofofi da duwatsu. Ana lissafin cewa a 1955 duk kwana biyar sai an rushe gida ɗaya. Sai a 1974 da gidan tarihi na Victoria and Albert a Landan ya yi baje kolin hotunan gidaje sama da dubu da aka rasa, sannan hankalin jama'a ya tashi sosai.

Zaɓin da ya rage wa magaji

Ki sa kanki a matsayin wanda ya gaji irin wannan gida a 1950 ko 1960. Kina iya ba National Trust, tun 1937 suna da tsarin karɓar gida su bar iyali su ci gaba da zama a wani sashe, amma basa karɓa sai an haɗa musu da dukiyar da za ta riƙe gidan, wanda kuwa ya rasa kuɗin rufi ina zai samo wannan? Kina iya sayarwa a yi makarantar kwana ko gidan tsofaffi ko ofishin kamfani, da yawa haka suka ƙare. Kina iya buɗe ƙofa mutane su biya su kalla, kamar yanda Longleat ya fara a 1949 har ya kai ga kawo zakuna cikin filinsa a 1966, Woburn Abbey ma ya bi sahu a 1955, sai dai wannan na gidajen da ke da abin kallo ne. Matsakaicin gida mai ɗaki ashirin ba wanda zai yi tafiyar awa biyu ya biya don ya ga hoton kakan wani. Irin waɗannan su ne suka koma otal, kuma ina kyautata zaton naki yana cikinsu.

Otal ɗin karkara a matsayin sana'a bai daɗe ba. Yawanci ana danganta farkonsa da Sharrow Bay a bakin tafkin Ullswater, wanda Francis Coulson ya buɗe a ƙarshen shekarun 1940, sai Gravetye Manor a Sussex, ginin 1598 ne, Peter Herbert ya mai da shi otal a 1958. Abinda suka gano shine mutumin birni da ya samu mota da ɗan kuɗi yana son ya kwana biyu kamar shi ne mai gidan, murhu na ci, ba lambar ɗaki a ƙofa, a ɗebo kayan miya daga lambun gidan.

A nan ya kamata ki bambance abu uku, don kalmar "gidan dangi kaza" da ake rubutawa tana rufe su duka. Akwai wanda dangin suka sayar tuntuni suka tafi, kamfani ne ke da shi, sunan kawai ya rage, kuma wannan shi ya fi yawa. Akwai wanda wata ƙungiya ke riƙe da shi ta ba 'yan otal haya ta dogon zango. Sannan akwai wanda har gobe dangin na ciki, su ne ma ke tarbar baƙi.

Na biyun babu misalin da ya kai Cliveden a Buckinghamshire, a kan tudu saman kogin Thames. An fara gini a wurin a 1666 don Duk na Buckingham, gidan ya ƙone a 1795, aka sake ginawa ya sake ƙonewa a 1849, wanda ke tsaye yanzu Charles Barry ne ya zana shi a 1851, mutumin da ya zana ginin majalisar Ingila. A 1893 attajirin Amurka William Waldorf Astor ya saye shi, a 1906 ya ba ɗansa kyautar aure, matar ɗan ita ce Nancy Astor wadda ta zama mace ta farko da ta zauna a kujerar majalisar wakilai a 1919. Kinga waɗannan ba matsiyata ba ne, suna cikin masu kuɗin duniya a lokacin, amma duk da haka a 1942 suka miƙa gidan ga National Trust da sharaɗin za su ci gaba da zama. A bakin wurin ninƙayar gidan ne ministan yaƙi John Profumo ya haɗu da wata budurwa Christine Keeler a 1961, ya shiga nemanta a ɓoye, abin kunyar da ya ci kujerarsa a 1963. Dangin suka tashi a 1968, jami'ar Stanford ta Amurka ta yi haya ta zuba ɗalibai har farkon shekarun 1980, daga nan a tsakiyar shekarun aka mai da shi otal, filin kuma yana nan a buɗe ga masu ziyara. Gida ɗaya ya ga Duk, ya ga attajiri, ya ga ɗalibai, yanzu yana ganin amare.

Na ukun kuma wanda ya fi burge ni shine Swinton a Yorkshire. Dangin Cunliffe-Lister da kuɗin masaƙar Bradford suka saye shi a shekarun 1880, suka sayar da ginin a 1980 ya zama wajen horar da ma'aikata amma suka riƙe gandun, wajen eka 20,000, sai a 2000 jikokin suka sake sayen gidan suka buɗe shi otal a 2001. A wurinsu otal shi ne hanyar komawa gida. Don haka in kika ce son kuɗi, ni zan ce a wasu lokutan son gidan ne ya kawo haka.

Bikin da kika je kuwa, doka ce ta haife shi. Kafin 1995 a Ingila da Wales ba a ɗaura aure sai a wurin ibada ko ofishin rajista. Dokar aure ta 1994 ta ba da dama a ɗaura auren gwamnati a duk ginin da ya samu lasisi, ta fara aiki a Afrilun 1995, kuma bana jin akwai wani abu guda da ya ceci gidajen nan kamar wannan dokar. Biki ɗaya ranar Asabar yana cika duka ɗakuna, ga abinci ga abin sha ga kuɗin wuri, kuma an biya tun watanni kafin ranar. A gidan da na yi aiki bukukuwan bazara su ke ɗaukar nauyin watannin sanyi da muke kwana da baƙi huɗu ko biyar.

Abinda na gani da idona

Mutane suna ganin farashin ɗaki su ɗauka kuɗi ake tarawa da shebur. Bari in baki kaɗan daga inda yake tafiya. Tun 1947 ake sa tsofaffin gine-gine a rajistar kariya, mataki uku ne, kuma muddin gida na ciki ba kya canza taga ko fasa bango ko cire murhu sai da izinin ƙaramar hukuma, yin hakan ba izini laifi ne da ake kai mutum kotu. Gidan da aka gina da banɗaki biyu ko uku yanzu kowane ɗaki sai ya samu nashi, toh ta ina bututu zai bi in silin ɗin ƙasa mai ado ne na shekara ɗari biyu? Mun taɓa yin kusan shekara muna kai-komo da jami'in kula da tsofaffin gine-gine a kan banɗaki guda, a ƙarshe ɗakin sa kaya na da muka mayar, bututun kuma ya bi ta cikin tsohon bututun hayaƙi. Jami'in kashe gobara yana son ƙofa mai jure wuta, jami'in tarihi yana cewa ƙofar nan ta asali ce ba mai taɓa ta, kowa da gaskiyarsa, kai kana tsakiya. Kuma maganar wuta ba wasa ba ce, Clandon Park a Surrey da ake yawan biki a cikinsa ya ƙone ƙurmus a Afrilun 2015, bango kawai ya tsaya.

Gyara kuma ba a yin sa da kayan zamani. Ka shafa siminti a tsohon bango ka kashe shi, don danshi ba zai samu hanyar fita ba, sai kwaɓin farar ƙasa irin na da, kuma masu iya aikin kaɗan ne, sai ka jira layi. Rufi darma ce da fale-falen dutse, ɓarayi ma na hawa su yaye darmar. A kan duk wannan akwai harajin VAT kashi 20 a kan gyaran tsohon gini, alhali ginin sabon gidan zama ba a ɗora masa wannan harajin, abin da har yau yake ba ni haushi. Wata shekara ganye ya toshe mana indararo guda da ke ɓoye a tsakiyar rufi, ba wanda ya lura, ruwa ya yi ta tsiyaya cikin bango har ruɓa ta kama katakon da ke riƙe da silin babban falo, muka gano saura kwana tara biki. Laifina ne a ciki don ni ya kamata in sa a hau a duba bayan kaka. Muka kafa tanti a lambu, amarya ta yi kuka, na kasa barci, gyaran kuma ya cinye ribar shekarar gaba ɗaya. Tun daga nan duk wata sai na hau rufin da kaina.

Shi ya sa za ki ga kusan duk irin otal ɗin nan an mai da bargar dawaki wajen tausa da ninƙaya, an ɓoye wani sabon gini bayan itatuwa. Ɗaki ashirin baya riƙe kuku da masu lambu da inshora da kuɗin ɗumama gida, sai an ƙara ɗakuna, kuma sababbin ne ke ciyar da tsofaffin. Wanda ya ƙi ƙarawa ko ya ci bashin banki fiye da ƙima, za ki ga otal ɗin ya canza hannu sau uku cikin shekara goma.

Ra'ayina dai, gara otal da rushewa, nesa ba kusa ba, kuma ya fi makaranta ko ofis don otal yana amfani da falo a matsayin falo, ɗakin cin abinci a matsayin ɗakin cin abinci. Amma ba zan ɓoye miki an yi asara ba. Yawanci kafin gida ya zama otal an riga an yi gwanjon kayansa, littattafan da aka tara shekara ɗari biyu sun watse cikin kwana uku, hotunan da kika gani a bango sau da yawa a kasuwar gwanjo aka sayo su, ba kakannin kowa ba ne a gidan. Kuma abinda ya fi damuna, mutanen ƙauyen da iyayensu suka gina wurin da guminsu har yanzu ta ƙofar baya suke shiga, a matsayin masu wanke-wanke da gyaran gado.

Takardar da ke cikin ɗaki

Ba ƙarya ba ce yawanci, gaskiya ce da aka tace. Shekarar gini da sunan wanda ya zana da jerin waɗanda suka mallaka, waɗannan galibi daidai ne don suna rubuce a wurare da yawa. Inda ake ja shine tsufa. In suka ce wurin yana cikin littafin ƙidayar Domesday na 1086, sunan ƙasar ne ke ciki, ginin da kika kwana wataƙila na 1860 ne. Labarin sarauniya ta taɓa kwana a nan da labarin fatalwa a matattakala, ki saurara kawai ki wuce, sai in an nuna miki takarda. Wani lokacin kuma gaskiya ne tsantsa, Hartwell House da yake otal yanzu sarkin Faransa Louis na 18 ya zauna a ciki yana gudun hijira daga 1809 zuwa 1814.

Abinda aka cire ya fi abinda aka ƙara muhimmanci. Da wuya takardar ta faɗi inda kuɗin ginin ya fito. Wasu na gona ne, wasu na kwal da masaƙa, wasu na Indiya, wasu kuma na rake da bayi a tsibiran Karibiyan. Harewood House a Yorkshire da kuɗin da dangin Lascelles suka tara a Barbados aka gina shi. Da aka soke bauta a 1833 fam miliyan 20 gwamnati ta ware diyya, kuma masu bayin aka biya, bayin basu ga ko kwabo ba. National Trust da kanta ta fitar da rahoto a 2020 ta ce wurare 93 da ke hannunta suna da alaƙa da bauta ko mulkin mallaka. Ba kowane gida ba ne, kar ki yanke wa naki hukunci kafin ki duba, amma ya cancanci a duba.

Dubawar kuma bata da wuya. Hukumar Historic England tana da rajistar gine-ginen da aka kare a intanet kyauta, ki rubuta sunan gidan za ki ga shekarunsa na gaskiya da wane sashe ne aka ƙara daga baya. Jami'ar UCL a Landan tana da ma'ajiyar sunayen waɗanda suka karɓi diyyar bayi, ki sa sunan dangin. Ƙidayar jama'a daga 1841 zuwa 1921 a buɗe take, za ta nuna miki duk wanda ya kwana a gidan daren ƙidaya, har yarinyar kicin 'yar shekara sha huɗu da garin da aka haife ta. Ofishin adana takardu na gundumar kuma sau da yawa yana da littafin hayar gonaki da takardar gwanjon ranar da aka sayar. Ni ma'aikacin otal ne, ba lauya ba kuma ba malamin tarihi ba, abinda na sani na Ingila ne, kuma ban ga takardun gidan da kika je ba, don haka su za su yanke miki ko karayar arziki ce ta kore su ko sun sayar ne tun da sauran ƙarfinsu.

In kin sake komawa ki roƙi wani ma'aikaci ya kai ki lungun baya kusa da kicin, a gidaje da yawa jerin ƙararrawar kiran barori yana nan a bango, kowace da sunan ɗakinta a ƙasa. Wata rana wani tsoho daga ƙauyen ya zo mana, ya haura tamanin, ya ce ba kwana ya zo yi ba, mahaifiyarsa ce ta yi aikatau a gidan tun tana yarinya kafin yaƙi na biyu, yana so ya ga inda take kwana. Na hau da shi har can ƙarƙashin rufi inda muke ajiye kujerun biki, yana hutawa a kowane hawa. Ya nuna min wata 'yar taga ya ce ta nan take hango hayaƙin gidansu in kewa ta dame ta. Na rubuta sunanta da shekarun da ta yi, da aka zo sake buga takardar ɗakunan na sa aka ƙara mata layi biyu a ƙarƙashin sunayen masu gidan.